Yadda Ake Sa Ido Kan Ruwan Ƙarƙashin Ƙasa a Mahaƙar Yuraniyom

Ruwan da ya kwaso yuraniyom ba ya sauya launi, ba ya wari, kuma ko an kanga masa ƙaramar na'urar awon radiyeshon ta hannu, sau da yawa ba za ta motsa ba, domin nau'in radiyeshon ɗin da yuraniyom ke fitarwa, wato alfa, ko takarda ba ya iya ratsawa, balle gorar roba. Hanya ɗaya ce ta sanin halin da ruwan ke ciki: a ɗebo shi yadda ya kamata, a kai ɗakin gwaji, a kuma maimaita haka shekara da shekaru a rijiyoyi iri ɗaya. Awo ɗaya tak ba ya yanke hukunci. Jerin awo ne ke magana.

Za mu ɗauki Arlit da Akokan na jihar Agadez a matsayin misali, domin nan ne wannan aiki ya fi shafar masu jin Hausa. Kamfanin SOMAÏR ya fara fitar da yuraniyom daga buɗaɗɗun ramuka a 1971, COMINAK kuma ya fara a 1978 daga ramin ƙarƙashin ƙasa na Akouta mai zurfin kusan mita 250, aka rufe shi ranar 31 ga Maris, 2021. Ruwan sama a yankin kaɗan ne ƙwarai, abin da ake sha tsohon ruwa ne da ya taru cikin dutsen yashi tun zamanin da Sahara ke da damina. Abin da aka ɓata a cikinsa ba ya da mai wanke shi nan kusa.

Kafin a taɓa ƙasa: a san inda ruwan yake da inda ya nufa

A ƙarƙashin Arlit ruwa ba tafki ɗaya ba ne. Shimfiɗu ne na dutsen yashi, hawa-hawa, da yumɓu a tsakaninsu: Izegouandane a sama, Tarat a tsakiya, Guezouman can ƙasa. Tarat ita ce ke ɗauke da ma'adinin da SOMAÏR ke haƙa, kuma ita ce aka daɗe ana jan ruwan gari daga cikinta. Guezouman kuma nan ma'adinin COMINAK yake. Ma'ana, ruwan yana kwance ne da yuraniyom tun kafin a zo da injin haƙa na farko. Saboda haka tambayar ba ita ce "akwai yuraniyom a ruwa?" ba. Tambayar ita ce: nawa ne na asali, nawa ne aikin haƙa ya ƙara, kuma ina ya dosa?

Matakin farko aikin takarda ne. A tattara bayanan duk rijiyar da ke yankin: zurfinta, shimfiɗar da take sha, shekarar da aka haƙa ta, da mai amfani da ita. A sa su kan taswira ɗaya tare da wuraren da gurɓata ke iya fitowa: tsibin dusar ma'adini (niƙaƙƙen dutsen da ya rage bayan an tatse yuraniyom), tafkunan da ake shanya ruwan masana'anta, filin da ake tsiba dutse ana yayyafa masa asid, ma'ajiyar sinadarai da ta mai, da ramin haƙar kansa. Dusar nan ita ce babbar damuwa. Kusan kashi 85 cikin ɗari na radiyeshon ɗin dutsen na nan a cikinta, domin yuraniyom kaɗai aka cire, an bar toriyom 230 da radiyom 226. Radiyom 226 sai ya shekara 1,600 kafin rabinsa ya ƙare, toriyom 230 kuwa wajen shekara 75,000. A Akokan kaɗai an bar tsibi na kusan tan miliyan 20.

A sabuwar mahaƙa, dole a fara awo kafin a fara haƙa, aƙalla shekara ɗaya zuwa biyu, a samu samfuri takwas ko fiye daga kowace rijiya. Wannan shi ne ma'aunin asali. Inda ba a yi shi ba, duk gardamar da za ta biyo baya ba ta da alƙali: kamfani zai ce haka ruwan yake tun fil azal, jama'a su ce ba haka suka san shi ba.

Inda ake sa rijiyoyin awo da yadda ake gina su

Da rijiya uku ake fara gano alkiblar ruwa, a jera su kamar duwatsun murhu, ba a layi ɗaya ba, kuma dukkansu cikin shimfiɗa ɗaya. Daga nan sai a tsara sauran: ɗaya ko biyu ta ɓangaren da ruwa ke fitowa kafin ya iso mahaƙa, su ne shaidu, jeri na farko dab da gindin tsibin dusa da tafkuna ta ɓangaren magangara, jeri na biyu a tsakanin mahaƙa da rijiyoyin sha, su ne masu gargaɗi. Inda shimfiɗu suka hau juna, a haƙa wa kowacce rijiyarta daban a wuri ɗaya.

Rijiyar awo ba foraj ɗin shan ruwa ba ce. Ana zura bututun roba mai ƙwari, mai faɗin santimita 5 ko 10, wanda ake haɗawa ta murɗa bakin ɗaya cikin na ɗaya, ba da gam ba, saboda gam na sakin sinadarai cikin ruwa. Ɓangaren da aka tsattsaga domin ruwa ya shigo ya zama gajere, mita 3 zuwa 6, daidai shimfiɗar da ake nufi. A kewaye shi da wankakken yashi mai tsakuwa har ya haura tsagin da kamar mita ɗaya, a ɗora yumɓun bentonait aƙalla mita ɗaya, sannan a cike sauran da kunun siminti har sama. A yi dakali a baki mai gangara waje, a sa murfin ƙarfe da kwaɗo, a rubuta lamba da ba ta gogewa.

Kuskure mafi muni a nan shi ne toshin da bai kama ba. Idan bentonait ya maƙale a hanya bai sauka ba, ko aka yi dogon tsagi da ya ratsa shimfiɗa biyu, rijiyar da aka haƙa don tsaro ita ce za ta zama hanyar da gurɓataccen ruwan sama zai bi ya sauka cikin mai kyau. Shi ya sa ake zura ma'auni bayan kowane zubi a tabbatar da inda kayan suka tsaya, ba a dogara da lissafin buhu ba.

Bayan gini, a yi ta jan ruwa ana girgiza shi har ya washe, a bar rijiyar ta huta mako ɗaya ko biyu. Sannan safiyo ya auna tsayin bakin bututun daga doron teku daidai da santimita, a yi ɗan yanka a bakin: daga wannan alamar za a riƙa awo har abada.

Awon zurfin ruwa

Wannan shi ne awo mafi arha, kuma shi aka fi rainawa. Ana zura tef mai ƙara, wanda ke yin kuka idan bakinsa ya taɓa ruwa, a karanta daga alamar, sau biyu. A auna duk rijiyoyin a rana ɗaya, kafin a kunna kowane famfo. Idan bakin bututu yana kan mita 420.50, ruwa kuma yana zurfin mita 62.30, to doron ruwan yana kan 358.20. Wannan adadi na ƙarshe ake kwatantawa tsakanin rijiyoyi, ruwa kuma yana tafiya daga mai yawa zuwa mai kaɗan.

Ga misalin lissafi: rijiya biyu da tazarar mita 500, bambancin doronsu mita 2, gangara ke nan ta 0.004. A ce dutsen na barin ruwa ya wuce mita ɗaya a rana, kuma kashi 20 cikin ɗari nasa kofofi ne. Saurin ruwan zai zama 0.004 a raba da 0.2, wato santimita 2 a rana, mita bakwai da ɗoriya a shekara. Wannan ne ya sa rijiyar da aka sa nesa za ta yi shekaru tana ba da labari mai daɗi alhali gurɓatar na hanya. Amma kada a sakankance da lissafin: inda dutse ya tsage, kamar kusa da babbar tsagar Arlit, ruwa na iya gudu ninkin-ba-ninkin haka.

Akwai wani abu da ya kamata duk mai bin lamarin Akokan ya riƙe. Muddin ana haƙa, ana zuƙe ruwa daga ramin, don haka ruwan kewaye yana gangarowa ne zuwa ramin. Da an kashe famfuna, ruwa zai fara dawowa sannu a hankali, ya cika hanyoyin ƙarƙashin ƙasa, ya wanke duwatsun da suka shekara arba'in suna shan iska, sannan alkiblarsa ta koma yadda take a da. Rijiyar da take "sama" jiya tana iya zama "ƙasa" gobe. Rufe mahaƙa lokaci ne na ƙara awo, ba na rage shi ba, kuma taswirar alkibla sai an sake zana ta duk shekara.

Ranar ɗibar samfuri

A fita da asuba, kafin rana ta yi zafi. A daidaita na'urori a inuwa: ta pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, da ruwan gwaji na 4 da 7 da 10, ta gishirin ruwa da ruwan gwaji na 1413. Ruwan gwajin da ya kwana cikin mota a zafin bazara ko ya wuce wa'adinsa, a zubar. A fara da rijiyar da ta fi tsabta, a ƙare da wadda ta fi gurɓata, a sauya safar hannu da tiyo a kowace rijiya, ko a wanke famfon sosai da sabulu marar fosfet da tataccen ruwa, wato wanda aka cire wa duk wani sinadari.

Ruwan da ya kwana cikin bututu ba shi ne ruwan ƙasa ba. Ya sha iska, ya sauya hali. Hanya biyu ake fitar da shi. Ta farko, a zuƙe ninki uku na abin da ke cikin bututun. Bututu mai faɗin santimita 10 yana ɗaukar lita 7.85 a kowace mita, mai santimita 5 kusan lita 2. Idan tsayin ruwan mita 30 ne a babban bututu, lita 235 ke nan, sau uku kusan lita 700. Ta biyu, wadda ta fi dacewa da hamada, a sauke ƙaramin famfo tsakiyar tsagin, a ja a hankali, lita 0.1 zuwa 0.5 a minti, ana lura kada doron ruwa ya sauka fiye da santimita 10. Ruwan ya bi ta rufaffen kofi mai ɗauke da na'urori, a riƙa karantawa duk minti uku zuwa biyar. Idan karatu uku a jere suka tsaya, pH bai kauce da 0.1 ba, gishiri da kashi 3 cikin ɗari, iskar oksijin da kashi 10, kuma ruwan ya washe, to an iso ruwan gaskiya.

Ruwan da aka zuƙe daga rijiyoyin kusa da tsibi a tara shi a duro a mayar wa masana'anta. Kada a malalar da shi a fili, domin a daji irin wannan duk inda ruwa ya kwanta, raƙuma da awaki za su iso shi kafin motarku ta ɓace.

Wajen cika kwalabe ne ake yawan ɓata aiki. Tsarin shi ne kamar haka. A fara da na radon, wato iska mai radiyeshon da radiyom ke fitarwa: ƙaramar kwalbar gilashi, a zura tiyo har gindinta, ruwa ya tumbatsa ba tare da kumfa ba, a rufe, a kifa a duba, in an ga ƙwayar iska ko ɗaya, a sake. A rubuta sa'a da minti, domin rabin radon na ƙarewa cikin kwana 3.8. Sai na salfet da kuloraid da naitiret: a tace, ba a sa asid, a rufe a jefa cikin kula mai ƙanƙara nan take, kuma naitiret ya isa ɗakin gwaji cikin awa 48. Sai na yuraniyom da sauran ƙarafa: a tace da mataci mai kofar maikromita 0.45 cikin gorar roba da aka wanke da asid, sannan a ɗiga asid na naitirik har pH ya sauka ƙasa da 2. Kimanin mililita 2 a lita yakan isa, amma ruwa mai kabonet da yawa yana cinye asid, don haka a ɗiga kaɗan kan takardar gwaji a tabbatar. Ba a tsoma takardar cikin gora. Na radiyom da jimillar alfa da beta (beta wani nau'in radiyeshon ne) suna son ruwa da yawa, lita ɗaya ko fiye kowanne, su ma da asid. Kabonet kuwa a auna shi a wurin, don yana sauyawa a hanya.

Dalilin kowane mataki yana da nauyi. Wanda ya sa asid kafin ya tace, asid ɗin zai narkar da ƙurar dutse, sakamako ya fito da yawa fiye da gaskiya. Wanda bai sa asid ba sam, ƙarfen da ke cikin ruwan zai yi tsatsa ya kwanta, ya ja yuraniyom da radiyom su manne a jikin gora, sakamako ya fito ƙasa da gaskiya, kuma wannan ne kuskuren da ya fi haɗari. Wanda ya buɗe asid na naitirik kusa da buɗaɗɗiyar kwalbar naitiret, da hannunsa ya gurɓata ta. Lokacin hunturu ko guguwa, a yi aikin cikin mota ko ƙarƙashin rufi, saboda ƙurar wurin kanta na ɗauke da abin da ake nema.

Togiya ɗaya: ruwan famfon gari da na rijiyar lambu ba a tace shi. Mutane ba sa tacewa da matacin ɗakin gwaji kafin su sha, saboda haka a auna shi yadda yake shiga ciki.

A kowace rijiya goma, a cika kwalabe biyu daga rijiya ɗaya, a ba ta biyun lambar da ɗakin gwaji ba zai gane ba. A kuma ɗauki tataccen ruwa a bi da shi ta famfo da mataci kamar samfuri. Idan tagwayen suka saɓa sosai, ko aka ga yuraniyom a tataccen ruwan, aikin ranar yana da tambaya. Takardar miƙa kaya ta bi kular, duk wanda ya karɓa ya sa hannu da lokaci. Sau ɗaya a shekara, a raba samfuri a aika rabi wani ɗakin gwaji da ba ya cin albashin kamfanin, a gaban wakilan gari da na hukumar kula da tsaron nukiliya.

Karanta sakamako

Kafin a yarda da takarda, a gwada ta: a lissafa gishirai masu caji na ƙari da masu na ragi, idan suka saɓa da fiye da kashi 5 cikin ɗari, akwai kuskure a awo ko an manta wani sinadari.

Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na ruwan sha shi ne maikrogiram 30 na yuraniyom a lita, kuma saboda ƙoda aka sa shi, domin yuraniyom guba ne irin na ƙarfe mai nauyi tun kafin a zo maganar radiyeshon. A lura da shekarar rahoto: ma'aunin 15 ne daga 2004, aka ɗaga shi zuwa 30 a 2011. Binciken da ɗakin gwajin CRIIRAD na Faransa ya yi a Arlit a 2003, da wanda ya yi tare da ƙungiyar kare muhalli ta Greenpeace a 2009, duk kafin wannan sauyi ne. Ta fuskar radiyeshon, matakin tantancewa shi ne bekerel (ma'aunin yawan radiyeshon ɗin da abu ke fitarwa) 0.5 a lita na jimillar alfa, da bekerel 1 na jimillar beta. In an haura, ba a yanke hukunci nan take. Ana auna kowane sinadari daban: radiyom 226 bekerel 1, radiyom 228 da dalma 210 da poloniyom 210 bekerel 0.1 kowanne, a ga ko jimillar abin da mutum zai sha a shekara ta wuce milisibat (ma'aunin radiyeshon ɗin da jiki ya samu) 0.1. Daga beta ana cire na fotasiyom, kusan bekerel 28 a kowane giram, don jiki na daidaita shi da kansa.

Abu biyu ke rikita mutane a nan. Miligiram ɗaya na yuraniyom yana ba da kimanin bekerel 25, don haka ruwa mai maikrogiram 30 zai nuna alfa wajen 0.75, yana iya cika ma'auni ɗaya ya haura ɗayan. Na biyu, duk lissafin an gina shi ne kan mai shan lita biyu a rana. Lebura ko makiyayi a Arlit cikin watan Mayu yana shan ninkin haka ko fiye. A ganinmu, duk rahoton da bai gyara lissafinsa da wannan ba, ya rage wa mutanen wurin haƙƙinsu.

Kada a tsaya jiran yuraniyom. Da asid na salfa, dangin ruwan batir, ake tatsar ma'adinin, don haka salfet ne ke fara isowa, shi da kuloraid da naitiret, saboda ƙasa ba ta riƙe su. Yuraniyom na biye, sai dai tafiyarsa ta dogara da halin ruwa: inda akwai oksijin da kabonet yana narkewa ya yi nisa, inda babu oksijin yana kwanciya. Radiyom kuwa nasa halin daban. Ya fi motsi a ruwa mai gishiri marar oksijin, saboda haka ƙarancin yuraniyom ba shaida ba ce ta ƙarancin radiyom. A zana wa kowace rijiya jadawalinta, watanni a kwance, adadi a tsaye. Salfet da ya tashi daga 80 zuwa 110 zuwa 150 cikin awo uku a jere ya fi tayar da hankali fiye da adadi babba da ya tsaya cak shekara goma, ko da bai kai wani ma'auni ba.

Zurfin ruwa a auna shi duk wata. Sinadarai duk wata uku a rijiyoyin kusa da tsibi da na sha, duk wata shida a na nesa. Idan wani adadi ya yi tsalle, a duba takardun fili da tataccen ruwan gwaji, a koma a sake ɗiba cikin mako biyu. In ya tabbata a rijiyar sha, a rufe ta, a kawo wa mutane wani ruwan a ranar, a sanar da su da Hausa da Tamashek, sannan a ƙara rijiyoyi don gano iyakar gurɓatar, a kafa famfunan da za su tare ta su mayar da ita masana'anta.

Ruwa ba shi kaɗai ake bi ba. Ana rataye ƙananan na'urorin radon da na gama (nau'in radiyeshon mai ratsa jiki), mita ɗaya daga ƙasa, a unguwanni da gefen tsibi, a sauya su duk wata uku; ana tace iska don auna ƙura ta ɓangaren da iska ke kaɗawa; ana ɗibar ƙasa da ganyen lambu da nonon dabbobi sau ɗaya ko biyu a shekara. Ana kuma zagaya tituna da kasuwar 'yan gwangwan da na'urar hannu, domin an taɓa samun dutsen mahaƙa a cikin hanyoyin Akokan da gurɓataccen ƙarfe a kasuwar Arlit. Duk waɗannan ake haɗawa da na ruwa a lissafa abin da mazaunin gari ya samu a shekara, wanda bai kamata ya wuce milisibat 1 a kan na asalin wurin ba.